Ɗan Fari a Bakin Ƙofar Banɗaki

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. A gida wannan ba abin magana ba ne, haka muka tarar da iyayenmu, sai dai mu 'yan baya yawancinmu mun sassauta. Ni nawa ɗan farin tun daga kicin nake rangaɗa masa kira har maƙwabta su ji. Yaya ce ta riƙe abin da hannu bibbiyu, ta ɗauko shi daga Kano ta kawo shi Birmingham ko gefensa bai ɓantare ba. “Yaron nan” take ce masa, alhali yaron nan ya haura shekara talatin, akanta ne, har gemu ya ajiye. In ina zaune kuma tana son a sayo burodi, ni za ta kalla ta ce, “Ki ce wa yaron nan burodi ya ƙare,” shi kuwa yana tsaye a kanmu. In babu kowa sai ta faɗa wa bango, shi kuma ya ɗauki makullin mota.

Tun da aka yaye shi mahaifiyarmu ta ɗauke shi. Ni na goya shi ina 'yar sakandare, bai koma hannun iyayensa ba sai da ya kusa gama firamare, lokacin da babansa ya samu aiki a ƙasar nan. Shi ya sa ni yake ce wa Anti, ya zauna kusa da ni mu ci a kwano ɗaya, ita kuwa Hajiya yake ce mata. Daga bakin ƙofar ɗakinta yake durƙusawa ya gaishe ta, bai taɓa taka ciki ba. Kada wani ya ɗauka babu ƙauna a tsakaninsu. Ta sha kirana ina Manchester ta ce in buga masa waya in ji ko yana cin abinci, ta ga ya rame, alhali gida ɗaya suke kwana. In na ce, “Yaya, a Ingila fa kike,” sai ta ce, “Ingila ce ta haife shi?” Dariya kawai nake yi a lokacin.

Ciwon ya fara mata bayan rasuwar maigidanta, da tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe, da kofi da ke suɓucewa daga hannunta. Likitoci suka ce ciwon jijiya ne da ke cin ƙarfin ƙafafu da hannaye a hankali, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Kanta lafiya lau, bakinta ma haka, ko sittin ba ta kai ba. Gidansu a unguwar Lozells ta Birmingham yake, irin gidajen nan da ke manne da juna a jere, matakala siririya a miƙe, ɗakunan kwana da banɗaki duk a sama. 'Yarta mace tana aure a Abuja. Daga ita sai shi a gidan.

Ni kuwa ina unguwar Longsight a Manchester da maigidana da yara uku da aikina a kantin magani. Abin da na iya shi ne duk Asabar in shiga jirgin ƙasa da safe, in je in yi mata wanka, in yi mata kitso, in yanke mata farce, in dawo da yamma bayana kamar zai ɓalle. Sauran kwanakin mako takan ce tana lallaɓawa.

Wata Asabar na shiga ɗakinta na tarar hayaƙin turaren wuta ya cika shi har yana shaƙe ni. Yaya dama mace ce ta ƙamshi, da hannunta take haɗa humra tun muna gida, amma wannan ya wuce na ado. Da na matsa kusa sai na ji abin da turaren ke rufewa. Rigar da na sa mata makon da ya wuce ita ce a jikinta. Hannunta ya daina ɗaguwa sama da kafaɗa, ta kasa cire ta. Ta ce da tsumma take goge inda hannun ya kai, alwala kuma a zaune. Na tambaye ta yadda take zuwa banɗaki, ta ce da bin bango.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ina miƙa wa mutum magani a wurin aiki, idona na hango mini Yaya a yashe a kan tayil. In wayata ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru ma gabana ya faɗi. Tsoro nake ji, tsoro zalla, cewa wata rana za ta faɗi a gidan nan, kuma na san halinta, ba za ta kira shi ba.

Likitansu na unguwa ya ce mana council, wato hukumar gari, tana iya turo mata masu taimako har gida, su yi mata wanka su sa mata kaya. Amma sai an turo wani ya zo ya duba tukuna, ya ga ko ciwon ya hana ta aƙalla abu biyu cikin abubuwan yau da gobe, kamar wanka da sa kaya da shiga banɗaki da cin abinci, kuma ko rashin yinsu yana cutar da rayuwarta. Na ce in dai wannan ne an gama, Yaya ba biyu ta kasa ba, kusan duka ne. Aka daɗe ana jira, sannan aka sa rana. Ranar ta faɗo tsakiyar mako, ban samu wanda zai tsaya mini a wurin aiki ba. Yaron ya ce kada in damu, zai ɗauki hutu ya zauna.

Da yamma ya kira ni, muryarsa wasai.

“Anti, it went well. Matar da suka turo tana da kirki sosai. Har ta ce gidan is very clean.”

Nan take jikina ya ba ni. Na ce ya faɗa mini abin da ta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ta tambayi Hajiya wa ke taimaka mata da wanka da sa kaya, Hajiya ta sunkuyar da kai.

“Sai na ce ai ina nan, I do everything. Ta ce ko zan iya ci gaba, kuma ina so in ci gaba? Na ce of course, she's my mum.”

“Kai kake yi mata wankan?”

Can ya ce, “Ni nake ajiye mata tawul a bakin ƙofa.”

Ban san sanda na wanke shi tas ba. Na ce masa duk karatun nan nasa da lissafin da yake yi wa kamfanoni, ya kasa gane tambaya ɗaya da aka zo yi takanas. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, “Anti, me kike so in ce? In kalli baƙuwa a gaban Hajiya in ce ba zan kula da ita ba?” Duk da haka na ci gaba da faɗa. Kuma ba ƙarya ya yi wa matar ba. Cefane shi ne, girki shi ne, wanki da shara da karɓo magani duk shi ne. Abu ɗaya ne ba ya yi, shi ne wanda aka zo tambaya.

Da na juya kan Yaya, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, “In ce wa Baturiya ɗana ba ya shiga ɗakina? Ta ɗauka gaba muke yi da shi? Ko ta ce tun da babu mai kula da ni a kwashe ni a kai ni gidan tsofaffi?” A nan na gane nata tsoron. Ta taɓa zuwa gaida wata maƙwabciyarsu a irin gidan nan, ta dawo ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Ta gwammace ta ruɓe a cikin riga ɗaya a ɗakinta da a kai ta can.

Amsar council ta zo daidai da abin da nake gudu. Sun yarda tana da buƙata, sun yarda ta cancanci taimako, amma tun da ɗanta na gida kuma ya ce shi ke yi kuma zai ci gaba, babu dalilin turo kowa. Matar ba ta yi laifi ba, abin da aka faɗa mata ta rubuta. Suka turo wani mutum ya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, ya ɗora kujera a kan bahon wanka. Yaya ta kalli ƙarfen nan ta ce ai yanzu ma an hutar da ni, za ta riƙa wankanta da kanta. Na roƙe ta kada ta gwada sai ina nan. Ta ce to, irin “to” ɗin da na sani tun ina yarinya.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, cikin tsananin sanyi. Ina wurin aiki a kantin magani wayata ta fara rawa a aljihu. Yaron ne, ranar daga gida yake aiki. Ƙasa-ƙasa yake magana.

“Anti, Hajiya ta faɗi a bathroom. Na ji ƙarar. Ta ce kada in shiga.”

“Ƙofar a kulle take?”

“A'a. Ba ta sa sakata ba.”

“To ka shiga mana.”

“Babu kaya a jikinta, Anti.”

Na ce ya buɗe muryar wayar ya kara ta a jikin ƙofa. Ina jin famfo na zuba. Na ƙwala mata kira a tsakiyar kanti, mutane na kallona. Na ce, “Yaya, don girman Allah ki bari ya shigo, ya rufe idonsa.” Muryarta ta fito 'yar ƙarama, ta ce, “Ke ki zo.” Na ce ina Manchester fa. Ta ce, “Zan jira.”

Na sa shi ya kira motar asibiti. Suka tambaye shi ko tana numfashi, ko tana magana, ko jini na zuba. Da suka ji tana magana suka ce za su zo amma akwai jira, kira ya yi musu yawa. Ya fita ya ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu, ba ta nan. Ya dawo ya ƙure na'urar ɗumama gida, ya ɗauko bargo, ya kawar da kansa, ya tura ƙofar kaɗan ya wurga shi ciki. Ni kuwa ko jakata ban ɗauka daidai ba na fita na tari tasi zuwa tasha.

Ban taɓa shiga jirgi mai nawa irin na ranar ba. Kowace tasha ya tsaya sai na ji kamar in sauka in tura shi. Wayar na kunnena, in mun shiga inda babu sabis ta yanke, in sake kira. Na ce masa ya riƙa kiranta kada ta yi barci. Ina jin sa yana cewa, “Hajiya,” ita kuma ta ce, “Na'am.” Tun tana amsawa da ƙarfi har sai na toshe ɗaya kunnen nake jin ta. Wani lokaci ya kira ba ta amsa ba, na miƙe tsaye a cikin jirgin ban san inda zan nufa ba, sannan can na ji na'am ɗin. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta miƙo mini ruwa, na kasa ko gode mata.

Abin da nake ta tunani a hanyar nan shi ne, Yaya za ta mutu a ƙasan banɗaki, ɗanta na zaune a bayan ƙofar da ba a kulle ba. Me zan faɗa wa 'yarta a Abuja? Me mutanenmu za su ce a wurin zaman makoki? Shi kuma yaron, da wane ido zai kalli kansa sauran rayuwarsa? Na yi kuka, na yi addu'a, na zagi Yaya a zuciyata, na koma na nemi gafara.

Da na isa na tarar da shi a zaune a saman matakala, ya jingina da bango ya ba ƙofar baya, idanunsa sun kumbura. Na tsallake shi na tura ƙofar. Tana kwance a gefenta, ta maƙale tsakanin baho da masai, kanta a jiƙe, leɓenta ya yi toka-toka. Bargon na nan inda ya faɗa, a wajen ƙafafunta, hannunta bai iya jawo shi ba. Na taɓa kafaɗarta na ji kamar naman da aka ciro daga firij. Na lulluɓe ta, na gwada ɗaga ta na kasa. Ta buɗe ido ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne, “Ja ƙofar.”

Ba a jima ba masu motar asibiti suka iso, mace da namiji. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ƙaton Baturen nan ya sunkuya ya ciccibe ta a cikin bargo, Yaya ba ta ce uffan ba. Daga baya da na yi mata magana ta ce ai wannan baƙo ne, kuma aikinsa ne.

Allah ya taimaka babu karaya. Amma likita ta ce daɗewa a kwance a ƙasa mai sanyi ya fara taɓa ƙodarta, da an ƙara jimawa da wani zancen ake yi. Sannan ta tambaya ko ita kaɗai ce a gida lokacin da ta faɗi. Ni da yaron muka kalli juna. Na ce ɗanta na nan. Likitar ta ɗaga kai ta dube shi, irin duban da har yau in na tuna shi tsigar jikina ke tashi. Washegari wata ma'aikaciya ta zo ta keɓe shi ta yi masa tambayoyi shi kaɗai, ta koma ta tambayi Yaya ita kaɗai ko tana tsoron wani a gida. Ya fito daga ɗakin nan fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce, “Anti, they think I left her there on purpose.” Yaron da ko ruwa ba ya sha da safe sai ya ajiye mata nata.

Ita ma'aikaciyar, da ta fahimci ba mugunta ba ce, ta ce za a sake zuwa gida a duba Yaya daga farko. Ta ce mana a fili, duk abin da ɗan gida ya ce yana yi kuma zai ci gaba da yi, ba za a turo wani ya yi ba. Babu wanda zai tilasta masa yin abin da ba zai iya ba, amma sai ya faɗa da bakinsa, ita ma ta faɗa da nata.

Bayan an sallamo ta na ɗauki hutu na tare a gidan. Ana gobe za a zo na tara su, ita a kan gado, shi a bakin ƙofa kamar kullum. Na ce musu gobe ko su faɗi gaskiya ko in cire hannuna, in koma Manchester in kashe wayata. Duk mun san ƙarya nake yi. Yaya ta ce, “Ke ki faɗa mata mana, ai bakinki ba ya gajiya.” Na ce ba nawa bakin ake so ba. Na hana shi share gidan, na hana a kunna turare, na ce ko shayi ba za a ba matar ba. Yaya ta ce wannan kuma rashin tarbiyya ne, a kan shayin dai ta fi ƙarfina.

Matar da ta zo karon farko ita ta dawo. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta hau sama ta zauna a kujerar da ke gefen gado. Na ga alamar ita ma abin ya taɓa ta. Yaron ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ta ce ya shigo ya zauna, ya ce nan ma ya yi.

Yaya ta koyar a firamare kafin su taso, Turancinta ba ya buƙatar tafinta. Matar ta bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Kina iya wanka? A'a. Kina iya cire riga? A'a. In kin shiga banɗaki kina iya tsaftace kanki? Yaya ta kafa wa zanen gado ido, sannan ta ce ba kullum ba. Ni da nake wanke ta duk mako ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na ji kunya ta kama ni a madadinta, na ji tausayinta.

Sannan matar ta juya wajen ƙofa ta ce masa, “Wancan karon ka ce kai kake taimaka mata da waɗannan.”

Na zuba masa ido, don na san in ya sake cewa “she's my mum” mun koma gidan jiya. Ya ce, “Ban taɓa yi ba.”

Ta ce ko zai so a koya masa? Akwai masu nuna wa 'yan uwa yadda ake ɗaga mutum da yadda ake yi masa wanka. Ya kalle ni. Na yi caraf na fara bayani, cewa a wurinmu akwai wata al'ada, sai ta ɗaga mini hannu cikin ladabi ta ce daga bakinsu take son ji. Ban saba a katse ni ba, amma na ja bakina.

Yaya ce ta yi magana, idonta a bango. Ta ce shi ne na farko da ta haifa. Ta ce a inda ta fito mace tana jin kunyar ɗanta na fari, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ta ce ba shi ya ƙi ba, ita ta hana. Sai ta ƙara da cewa yaron kirki ne, bai taɓa ɓata mata rai ba, kada a rubuta masa laifi. Na saci kallonsa na ga ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi.

Matar ta yi rubutu, ta ɗago ta ce akwai tambaya ɗaya da dole ta yi. Idan ta sake faɗuwa a banɗaki, kuma shi kaɗai ne a gidan, za ta bar shi ya shigo?

Na ce a raina, Yaya, ko da ƙarya ce ki ce e. Kin ga ƙasan banɗakin nan, kin ji abin da likita ta ce.

Ta ce, “A'a.”

Matar ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Ta tambaya ko za ta yarda mata su riƙa zuwa, Yaya ta ce in dai mata ne. Ta ce cefane da girki da yake yi za su zauna a hannunsa in yana so, amma duk abin da ya shafi jikinta za a rubuta cewa babu mai yi. Ta shanye shayinta ta tafi.

Bayan 'yan makonni suka fara zuwa, ɗaya da safe ta yi mata wanka ta shirya ta, ɗaya da yamma ta sauya mata kaya ta kwantar da ita. Ba a maganar gidan tsofaffi. Yaya, da ta ga hankalinta ya kwanta, sai ta buɗe sabon shafin ƙorafi. Wai ba su iya wanka ba, shafa mutum kawai suke yi kamar suna goge tebur, sai da na sayo mata soson gida a kasuwar Longsight ta koya musu yadda ake dirzawa. Wai ɗaya ta ɗaura mata ɗankwali kamar za ta je awo. Amma ƙamshinta ya dawo, na ainihi.

Sun kuma ba ta wani ɗan maɓalli mai igiya ta rataya a wuya, in ta faɗi ta danna a zo. Na yi murna da shi har sai da na lura tana cire shi in za ta yi alwala, ta ajiye a kan gado, wai kada ya jiƙe, duk da an ce mata ruwa ba ya yi masa komai. Kuma tsakanin mai zuwa da safe da mai zuwa da yamma wuni guda ne cur. In buƙata ta kama Yaya da azahar ba za ta jira kowa ba, bango za ta bi. Ƙafafun kuma kullum ƙara sanyi suke yi.

Ranar da zan koma Manchester yaron ya kai ni tasha. Duk hanya ni ce ke ta zuba, ina ce masa ya riƙa duba ko maɓallin na wuyanta, ya karɓi lambar maƙwabciya, ya rage gishiri a miya. Ya tsaya a wurin sauke mutane, na kama murfin mota zan fita.

“Anti, kin ji abin da ta ce wa matar nan.”

“Na ji.”

“In ta sake faɗuwa, button ɗin yana kan gado, na shiga na ɗauke ta, za ta yafe mini?”

Na kalle shi. Na san Yaya tun kafin in san kaina, kuma wallahi ban san amsar ba. Mai motar bayanmu ya fara danna hon.

Na ce, “Ka shiga.”

“Ba shi na tambaye ki ba, Anti.”

“Na sani,” na ce. “Ka shiga.”